Kwas ɗin ACE ta intanet: ya dace da ɗan Sakkwato mai shekara 50 da ke son zama kocin motsa jiki?

Duk wanda ke bi ta wajen filin wasa na Giginya bayan sallar asuba ya san irin mutanen da ke zagaye a can. Ba 'yan ƙwallo ba ne kaɗai. Akwai alhazai masu tumbi da likita ya ce su rage, akwai masu hawan jini, akwai masu ciwon suga da aka tsoratar da su da maganar yanke ƙafa. Masu horar da su kuwa galibi samari ne 'yan ɗaga ƙarfe, waɗanda suka san yadda ake kumbura damtse amma ba su taɓa jin abin da maganin hawan jini ke yi wa bugun zuciya ba. Wannan giɓin ne ke jawo wasu dattawa cikin sana'ar: tsohon soja, malamin wasanni na sakandare, nas da ta ajiye aiki. Mafi yawan ma'aikatan gwamnati suna ritaya a shekara 60, ko bayan shekara 35 suna aiki, don haka wanda ya kama aiki yana ɗan 20 zai fito yana da 55, da sauran ƙarfinsa, ga fansho ba ya kai wata.

Kwas ɗin da aka fi ambata wa irin waɗannan mutane shi ne na American Council on Exercise, wato ACE, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1985, hedikwatarta na San Diyego a Amurka. Abin da kake saye da kuɗinka abu uku ne: littafi mai kauri, darussan bidiyo da tambayoyin gwaji a shafinsu, sai damar zama jarrabawa. Ba aji, ba malami a gabanka. Kuɗin ɗaruruwan daloli ne, yana hawa da sauka gwargwadon kunshin da ka zaɓa da rangwamen da suke yi lokaci-lokaci, kuma an yi shekarun da da wuya katin naira ya biya shi kai tsaye saboda iyakar da bankuna suka sa wa kashe kuɗi a waje. In naka bai biya ba, sai da asusun dala, ko ɗan'uwa da ke ƙetare ya biya ka mayar masa. Kar a biya kunshin da ya haɗa da littafin takarda ba tare da an lissafa kuɗin aiko shi ba. Na waya ko kwamfuta ya wadatar, in ido zai ɗauka.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Shekara 18 zuwa sama, takardar kammala sakandare, katin shaida na gwamnati mai hoto, da takardar shaidar iya farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, wadda ake kira CPR, haɗe da sanin amfani da na'urar girgiza zuciya ta AED. Babu iyakar shekaru ta sama, kuma babu gwajin jiki: ba wanda zai ce ka yi gudu ko ka ɗaga ƙarfe. Wannan albishir ne ga mai furfura. Inda ake tuntuɓe shi ne takardar CPR ɗin, domin ƙa'idarsu ita ce a ce an gwada ka a aikace, hannunka a kan ƙirjin mutum-mutumi, ba wadda aka samu ta kallon bidiyo ba. Ƙungiyar Red Cross na da reshe a kowace jiha, kuma ma'aikatan asibiti kan san inda ake bayar da horon, amma dabara ita ce ka rubuta wa ACE ka tambaya ko suna karɓar takardar wurin da za ka je kafin ka biya ko sisi. Shi kansa ilimin ba na ado ba ne: danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, zurfin santimita 5 zuwa 6, saurin danna 100 zuwa 120 a minti. Wanda zai riƙa sa masu shekara 60 gumi dole ya iya wannan kamar yadda ya iya alwala. Na'urar AED kuwa, a Sakkwato, kar ka sa ran ganinta a ɗakin motsa jiki.

Sashen da ya fi kowane daraja a kwas ɗin, wanda shi kaɗai ya kusa biyan kuɗinsa, shi ne tantance mutum kafin a fara. Ana koya maka takardar tambayoyi ta PAR-Q+, mai tambayoyi 7 a shafin farko, da yadda za ka rarrabe wanda zai iya farawa yau da wanda sai ya kawo izinin likita. Tambayoyin da ke yanke hukunci uku ne: yana motsa jiki dama, ko zaune yake? Yana da ciwon zuciya, suga ko ƙoda da aka tabbatar? Yana jin ciwon ƙirji, haki ba dalili, jiri, ko kumburin ƙafa? Wanda ke da ɗaya daga alamomin nan na ƙarshe, ba ruwanka da shi sai ya dawo daga asibiti, ko da shi ne ya fi kowa biya. A nan ne shekaru ke zama jari. Saurayi ɗan 24 ba ya iya kallon idon attajirin da ya haife shi ya ce masa koma gida. Dattijo yana iyawa, kuma a saurare shi.

Awon jini ma an yi masa bayani mai kyau. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kar a fara motsa jiki in awo a zaune ya wuce 200 a sama ko 110 a ƙasa, amma a ganina koci mai hankali ba ya jira a kai nan; daga 180 a tura mutum wurin likita. Abu biyu ne suke kayar da masu hawan jini, kuma kwas ɗin ya faɗe su dalla-dalla. Na ɗaya riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, wanda ke cilla awon jini sama nan take. Maganinsa a fitar da numfashi lokacin da ake turawa, ko a sa mutum ya riƙa ƙirga da baki. Na biyu tsayawa cak bayan tafiya mai sauri: jijiyoyin ƙafa a buɗe suke, jini ya taru a ƙasa, kai ya rasa, sai jiri, sai faɗuwa. Shi ya sa minti 5 zuwa 10 na sassauta tafiya a ƙarshe wajibi ne.

Kan bugun zuciya, za ka koyi lissafin da kowa ya sani, a cire shekaru daga 220. Mai shekara 55 ke nan ƙololuwarsa 165. In bugunsa na hutu 75 ne, ratar 90 ce. Rabinta 45, a ɗora kan 75, ya zama 120 a minti, daidai matsakaicin aiki ga mai farawa. Amma littafin bai ɓoye cewa lissafin nan na iya kuskurewa da bugu 10 ko fiye ba, kuma yana rushewa gaba ɗaya ga mai shan magunguna irin su atenolol ko propranolol, waɗanda ke danne bugun zuciya. Ka ce wa irin wannan mutum sai ya kai 130, zai kusa halaka kansa agogo bai kai ba. Abin da ACE ta fi jingina a kai shi ne gwajin magana, kuma shi ne ya fi dacewa da mu tunda ba ya buƙatar na'ura: ka sa mutum ya yi maka magana yana tafe. In yana jero jimla cikin sauƙi, yana ƙasa da iyaka ta farko, wato inda numfashi ke fara nauyi, nan ake ajiye sabon shiga. In maganar ta fara yankewa, ya taka iyakar. In kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, ya wuce inda ya kamata. Manufa dai ita ce a kai shi a hankali ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ƙarfafa tsoka kwana 2, ga masu 65 zuwa sama kuma a ƙara atisayen tsayuwa da daidaito kwana 3 don gudun faɗuwa.

Ɓangaren ƙarfafa jiki an gina shi kan motsi biyar: sunkuyawa a ɗaga, tsayuwa ko taku da ƙafa ɗaya, turawa, jawowa, da juya ƙugu. Ba a ɗora wa mutum nauyi sai ya iya motsin da jikinsa kawai. Ga dattijo mai farawa, maimaici 10 zuwa 15, zagaye ɗaya ko biyu, a bar tsokar ta huta awa 48. Tsarin yana da ma'ana, kuma yana hana kuskuren da aka fi yi a garin nan, na miƙa wa sabon zuwa ƙarfen da aka yi wa walda da giyar mota a rana ta farko.

Ga yadda abin yake a fili. Alhaji ya iso da jallabiya da takalmin kambas sabo fil, ya dafa cikinsa ya ce, "Malam, ni dai wanga tumbi nika son ya tahi kahin Sallah." Kocin da ya karanta littafinsa ba zai kwantar da shi ya yi ta naɗe ciki ba, don kitse ba ya narkewa daga wurin da aka matsa; jiki ne ke zaɓar inda zai cire, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ke ɗorewa. Zai auna ƙugun da tef ɗin tela, ya rubuta, ya ajiye kujera mai tsayin santimita 43 jikin bango, ya ce, "Alhaji, rungume hannu a ƙirji, ka tashi ka zauna, mu ga nawa za ka yi a daƙiƙa 30." Sai ka ga gwiwoyin suna karkatowa ciki kamar za su gaisa, dunduniya na ɗagawa, Alhaji na cije leɓe ya riƙe numfashi. Gyara uku ke nan a gabanka, kuma ba a faɗarsu lokaci guda. "Tura gwiwa waje, ta bi babban yatsa." In wannan ya zauna, gobe a zo kan dunduniya. Littafin ya bayyana dalilin karkatar gwiwa, raunin tsokar gefen ƙugu, da na ɗagawar dunduniya, taurin idon sawu. Abin da bai iya ba ka shi ne idon da zai hango su cikin daƙiƙa biyu a jikin mutum mai babbar riga. Wannan shi ne babban raunin kwas ɗin: mutum na iya cin jarrabawa da maki mai kyau bai taɓa gyara wa kowa tsuguno ba. Wanda ya saye shi ya nemi ɗakin motsa jiki ko kocin da ya daɗe, ya yi wata biyu ko uku yana kallo yana taimakawa kyauta, yana gwada kowane babi a kan mutanen gidansa.

Sai kuma maganar da ta fi damuna. An rubuta kwas ɗin ne don ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Akwai shafuka kan zafi, gaskiya ne, kuma abin da ke ciki daidai ne: jiki na ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, asarar ruwa da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana rage ƙarfi, kilo ɗaya da ya ragu bayan atisaye kusan lita ɗaya ce ta gumi. Amma a wurinsu zafi baƙo ne na ɗan lokaci, mu kuwa a Afrilu da Mayu awo na wuce 40 kusan kullum. Dole koci ya fassara wa kansa. Atisaye daga bayan asuba zuwa kafin takwas, ko bayan la'asar sakaliya. Tsakanin nan ba a yi a fili. A auna mutum kafin da bayan, kowane kilo da ya tafi a mayar da shi da ledar fiya wata biyu zuwa uku, tunda kowace rabin lita ce, a sha a hankali cikin awanni. Tarkon bazararmu shi ne bushewar iska: gumi na ƙafewa kafin a gan shi, riga ba ta jiƙe ba, mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya fi kowa shiga haɗari. In ka ga ɗalibi ya fara surutai marasa kan gado ko yana tangaɗi, ba gajiya ba ce; a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi fifita, ana neman mota zuwa asibiti. Sanyayawa ke gaba da komai. Da hunturu kuma matsalar ta juya: ƙura ga masu asma, da gaɓoɓi masu tauri da sanyin safiya, sai a tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10 ko 15.

Azumi kuwa ba tsarinsu ba ne, kai za ka gina naka. Abin da ke aiki shi ne motsi mara nauyi na rabin awa dab da buɗa-baki, ko atisaye na sosai bayan asham, a rage yawa a riƙe abin da aka samu. Mai suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kar a sa shi aiki da yamma yana azumi, don lokacin ne suga ke faɗuwa. Alamun su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urorin da ke ɗaya ma'aunin, ana ba shi giram 15 na abu mai zaƙi, kamar dabino uku ko ƙwayar suga uku zuwa huɗu, a jira minti 15 a sake awo. Jakar koci a Sakkwato ba ta rabuwa da dabino, na'urar awon jini da ta suga. Bambancin ma'aunin nan biyu abin lura ne: ana raba na farko da 18 a sami na biyu. Haka ma fam da inci da ke yawo a littafin. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, a haddace.

Babin abinci na da amfani wajen fahimtar tushe, amma misalansa ba na tukunyarmu ba ne. Ba za ka ga tuwon shinkafa, masa ko hura da nono mai suga cokali huɗu ba, alhali su ne tambayar da za a yi maka kullum. Abin da ya dace a ɗauka daga babin shi ne iyakar aikin koci: ba ya gano cuta, ba ya rubuta wa mara lafiya tsarin abinci, ba ya cewa a daina magani, ba ya tallar shayin rage ƙiba. Wannan na ƙarshe zai yi wa wasu ɗaci, don nan ne kuɗin sauri yake. Kayan aiki ma haka: bidiyoyin cike suke da injuna, kai kuma abin da ke hannunka robar ja, tabarma, benci, gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi wadda nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, da jarka mai lita 25 da za ka cika gwargwadon ƙarfin mutum. Motsi biyar ɗin nan duk suna yiwuwa da su.

Ga mata, musamman tsofaffin nas da ungozomomi da malaman makaranta, lissafin ya fi kyau. Gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" a ƙofa cike suke da matan da likita ya ce su motsa jiki, ba kuma za su fita fili ba, namiji kuma ba ya shiga. Kwas ɗin na da sashe kan masu ciki da masu jego: a guji daɗewa kwance rigingine bayan wata uku na farko, a guji zafi mai yawa, bayan haihuwa a fara da tafiya da tsokar mara, a jira izinin asibiti kafin aiki mai nauyi, wanda galibi kan zo wajen mako shida, kusan daidai da arba'in. Hajiya mai shekara 50 da ta haifi nata ta san yadda za ta faɗi wannan a tsakar gida uwar miji ta yarda.

Jarrabawar tambayoyi 150 ce na zaɓi, cikin awa 3. 125 ake ba maki, 25 na gwaji ne ba ka san su ba. Ana cin ta da 500 cikin 800. Daƙiƙa 72 ke nan ga kowace tambaya, kuma yawancinsu labari ne: ga mace mai shekara kaza, awonta kaza, me za ka fara yi? Amsoshi biyu kan yi kama da daidai, ana neman wadda ta fi. Wanda ya bar aji shekara talatin, saurin karanta Turanci ne zai fi ba shi wahala, sai sunayen tsoka na Latin. Wata huɗu zuwa shida na awa ɗaya a rana, bayan asuba kafin gida ya tashi, ya fi haddar mako biyu. A taɓa tsokar a jiki ana faɗin sunanta, ta fi zama. Kar a tsallake babin sauya ɗabi'a da na shari'a don ganin na Amurka ne. Inshora da ƙarar kotu ba su cika shafarmu ba, amma suna fitowa a jarrabawa, kuma takardar amincewa abin koyi ce, a rubuta ta da Hausa a karanta wa mutum kafin ya sa hannu. In daga gida za a zauna, ana buƙatar kwamfuta mai kyamara, ba waya ba, ɗaki a rufe ba mai shigowa, da mai sa ido da ke kallonka ta intanet. Ɗaukewar wuta ko yankewar sabis na iya ɓata zaman, don haka a cika batir, a tanadi sola ko janareta, a ajiye layi na biyu na wani kamfani. Sunan da ke kan rajista ya zama harafi da harafi irin na katin shaida; Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a hana ka zama.

Jikin kocin kansa ma abin lissafi ne, kuma kwas ɗin bai ce komai a kai ba. Mai shekara 55 da ke yin kowane atisaye tare da rukuni huɗu a rana, gwiwarsa ba za ta kai damina ba. A nuna sau biyu ko uku, a koma gefe a koyar da baki da ido.

Takardar ACE ɗin fa? A gaskiya a Sakkwato ba wanda zai tsayar da kai ya ce nuna ta, kuma ba ta maye gurbin takardar koyarwa ko ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas ga mai neman aikin gwamnati ko horar da ƙungiya. Tana da nauyi a manyan otal da ɗakunan motsa jiki na Abuja da Legas, da wurin likitan da ke son sanin wa zai tura wa marasa lafiyarsa. Tana kuma ƙarewa bayan shekara 2, sai an yi ƙarin karatu na awa 20, an sabunta CPR, an sake biyan dala. NASM, wata cibiyar Amurka da ke ba da irin wannan takarda, mai tambayoyi 120 cikin awa 2, ta fi zurfi kan gyaran tsayuwa da motsi amma harshenta ya fi tsauri. ACE ta fi sauƙin shiga ga wanda ɗalibansa talakawan jiki ne masu ciwon yau da kullum. Wanda ke da dalar ba tare da ya taɓa jarin gida ba, yana karanta Turanci ba da ƙyar ba, kuma ya sami wurin koyon aikin hannu, ya saya. Wanda giratutinsa ke nan gaba ɗaya, ya sayi littafin kaɗai, ya yi horon CPR, ya sa ragowar a na'urar awon jini mai ɗaurawa a damtse, sikeli, da robobin ja kala uku.